Milibolt 26: tarihin sarrafa riɓi a cikin amfili mai taransisto

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gindin akwatin radiyo bayan magariba a Maraɗi ko Tawa, yana sauraren Landan a gajeren zango, ya san halin muryar: ta matso kamar mai maganar yana cikin zaure, ta janye, shuuu ta taso ta rufe ta, can kuma ta komo. Abin da mai saurare bai cika lura da shi ba shi ne, ƙarar da ke fita daga akwatin ba ta hawa da sauka gwargwadon siginar da ke faɗowa bisa eriya. Sigina na iya raguwa sau ɗari cikin ƴan daƙiƙoƙi, amma murya ta ɗan dushe kawai. Dalili kuwa, akwai wata ƴar da'ira a ciki da ke murɗa ƙara a madadin hannun mutum. Tarihin wannan da'ira za mu bi, musamman daga 1954, lokacin da taransisto ya fara karɓar aiki daga kwalba, zuwa farkon shekarun 1990.

Ga kalmomin da za mu yi aiki da su. «Riɓi» shi ne sau nawa amfili ke riɓanya siginar da aka ba shi. «Kuran» shi ne lantarkin da ke gudu cikin waya, ana auna shi da ampar. «Matsi» shi ne abin da ke tura shi, ana auna shi da bolt. «Kwalba» kuma muna nufin fitilar gilashi ta tsofaffin radiyo. Ƙafafun taransisto uku mun bar su da sunayen da masu gyara suka san su da su: baz, emetar da kolektar.

Abin da muke son nunawa shi ne, rage riɓin taransisto abu ne mai sauƙi ƙwarai, kuma wannan sauƙin ne ya ɗaure injiniyoyi kusan shekara goma sha biyar kafin su gane inda ya kamata su sa hannu.

1. Abin da kwalba ta bari gado

Igiyar gajeren zango ba ta bin ƙasa ta iso gare mu. Tana hawa sama ta bugi wani rufin iska mai ɗauke da lantarki, ta faɗo. Kennelly da Heaviside sun yi zaton akwai wannan rufi tun 1902, Appleton da Barnett suka tabbatar da shi a watan Disamba na 1924, da taimakon tashar BBC ta garin Bournemouth a Ingila. Rufin ba ya tsayawa wuri guda. Igiya kan iso ta hanya biyu ko uku masu bambancin tsawo, wani lokaci su haɗu su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. Wannan shi ne asalin zuwa da tafiyar murya.

A farkon shekarun 1920 maganin abin yana hannun mai saurare. Wasu akwatunan ana rage musu wutar da ke zafafa kwalba, wasu kuma akwai rezistansi mai murɗawa a bakin eriya da ke zubar da wani kaso na sigina tun kafin ta shiga. Mai saurare ba ya sakin maɓalli. In kuwa ya bar tasha mai nisa ya faɗa kan ta kusa bai rage ba, sai kunnensa ya gaya masa.

A ƙarshen 1925 wani saurayi Ba'amurke mai shekara 22, Harold Wheeler, wanda ke aiki da kamfanin Hazeltine, ya kawo dabarar da har yau ake bi. Diyod ɗin da ke ciro murya daga sigina yana kuma ba da wani matsi wanda girmansa ke bin ƙarfin tashar. Wheeler ya tace wannan matsi da rezistansi da kondansatar har murya ta fita daga cikinsa, ya maida shi baya zuwa ragar kwalaben farko. Tasha ta yi ƙarfi, matsin ya ƙaru, riɓi ya sauka. Ta yi rauni, riɓi ya hau. Kamfanin Philco ya sa dabarar cikin akwatunansa a 1929, bayan ƴan shekaru ta zama ruwan dare. A Jamus, Karl Küpfmüller ya yi lissafin irin wannan zagaye tun 1928, ya nuna yadda jinkirin tacewa zai iya sa da'ira ta yi ta lilo ba ta natsu ba. Wheeler dai bai ci moriyar abin har ƙarshe ba, domin a 1941 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke takardar mallakarsa, ta ce ba sabuwar ƙirƙira ba ce.

Amma akwai abin da ya rage. Kwalaben lokacin, in aka matsa musu don a rage riɓi, sai su kai bakin mutuwa farat ɗaya, sigina mai ƙarfi ta jirkice, muryar wata tasha ta hau kan ta wata. A 1930 Stuart Ballantine da H. A. Snow suka gyara kwalbar kanta. Maimakon a naɗa wayar raga da tazara daidai wa daida, suka naɗa ta wani wuri a matse, wani wuri a buɗe. In matsi ya ƙaru, wurin da ke matse shi ke fara rufewa, buɗaɗɗen ya ci gaba da aiki. Da haka riɓi ke sauka sannu sannu bisa tsawon bolt 30 zuwa 40. Mu riƙe wannan adadi. Ma'aunin da kwalba ke rage riɓi da shi maƙeri ne ya zaɓe shi, kuma ya zaɓe shi da faɗi, yadda sigina ta bolt guda za ta wuce ba ta ji ciwo ba.

2. Kyautar da ta zo da sharaɗi

An ƙera taransisto na farko a ɗakunan binciken Bell a watan Disamba na 1947, aikin Bardeen da Brattain. Shockley ya biyo da irin mai haɗin ɓangare uku, wanda shi ne ya yaɗu. A Faransa ma, Herbert Mataré da Heinrich Welker sun kai ga irin wannan na'ura a 1948 a Aulnay-sous-Bois, ba tare da sun kwaikwayi Amurkawa ba. Radiyon taransisto na farko da aka sayar, Regency TR-1, ya fito a watan Oktoba na 1954 da taransisto huɗu na jarmaniyom, kuɗinsa dala 49,95. Sony ta Japan ta biyo da TR-55 a 1955 da TR-63 a 1957.

A wannan shekara ta 1954 ce Ebers da Moll suka rubuta dokar da taransisto ke bi, kuma cikinta ne duk labarinmu yake. Kuran na kolektar ba ya ƙaruwa daidai da matsin da ke tsakanin baz da emetar. Riɓanya yake yi. A zafin ɗaki, duk ƙarin milibolt 26 yana riɓa kuran sau 2,7, watau milibolt 60 ya riɓa shi sau goma, 120 sau ɗari. Daga nan sai wani sakamako ya fito: riɓin taransisto yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kuran da ke bin sa. Ka raba kuran biyu, riɓi ya rabu biyu. Abin da Ballantine da Snow suka sha wuya kafin su naɗa cikin kwalba, taransisto da shi aka haife shi.

Sai dai milibolt 26 ɗin nan ba maƙeri ya zaɓe shi ba. Yana fitowa ne daga abu uku: adadin Boltzmann, cajin elektaron, da zafin wurin. Ba kamfanin da zai iya faɗaɗa shi. Ma'aunin kwalba na bolt ne, na taransisto na milibolt, tazarar ta kai wajen sau dubu. Siginar da ta wuce milibolt goma a bakin baz ta riga ta fara jirkicewa, ko kuran na da yawa ko kaɗan.

Masu ƙera radiyon farko sun ɗauki dabarar Wheeler yadda take. Tsarin da ya zama gama-gari na taransisto shida ne: ɗaya mai sauya tasha zuwa zango na tsakiya, galibi wajen kilohaz 455, biyu masu riɓa wannan zango, diyod, sannan uku na murya. Daga diyod ana ɗauko matsi, a tace shi da rezistansi da kondansatar mai ruwa, a kai shi baz na taransiston farko na zangon tsakiya. Tacewar na ɗaukar kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa: in ta fi haka sauri sai ta cinye muryar kanta, in ta fi haka jinkiri sai dushewar tasha ta riga ta. Kayan duka bai fi guda biyu ba, shi ya sa aka so shi.

Bari mu yi lissafi da misali, don a ga inda gizo ke saƙa. A ce taransiston yana shan mikro'ampar 500 in babu tasha, ya sauka zuwa 20 in tasha ta yi ƙarfi. Riɓi ya ragu sau 25. Amma tsakanin tashar da ke zuwa da mikrobolt 10 da wadda ke zuwa da milibolt 100 akwai sau dubu goma. Sau 25 bai kai ko'ina ba. Na biyu, a daidai lokacin da sigina ta fi girma ne aka bar taransisto da ɗan kuran da bai isa ya ɗauke ta ba, kamar a ƙara wa jaki kaya sannan a rage masa harawa. Na uku ya fi ɓoyuwa. Taransisto ba kamar kwalba ba ne, yana jan kuran ta baz, don haka yana nauyaya da'irar da ke zaɓen tasha a gabansa. In riɓin kuransa 50 ne, nauyin da yake ɗorawa om 2600 ne a mikro'ampar 500, amma ya koma om 65 000 a mikro'ampar 20. Ƙarfin ajiyar caji na baz shi ma yana canzawa da kuran. Sakamakon haka, da tasha ta yi ƙarfi sai ƙofar zaɓe ta ƙuntata, ta kuma goce daga inda aka saita ta. Tashar da ta fi kowace kyawun kamu ita ke fita da murya a shaƙe.

A nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye. Sashen Hausa na BBC ya fara a watan Maris na 1957, Radiyo Nijar a 1958, ƙungiyar kulob-kulob na radiyo ta Nijar a 1962. Akwatin kwalba yana son wutar gari ko manyan batura, saboda haka bai wuce gidajen ma'aikata da ƴan kasuwar birni ba. Radiyon da ya shiga ƙauye mai taransisto ne, mai cin pil. Ke nan yawancin masu saurarenmu sun fara ne da akwatin da ya fi rauni wajen sarrafa riɓi, suna kama zangon da ya fi kowane dushewa, a ƙasa mai tsananin zafi. Zafin ba ƙaramin abu ba ne. Matsin da taransisto ke bukata don kuran iri ɗaya yana raguwa da kamar milibolt 2 a kowane digiri. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da azahar ta watan Afirilu mai digiri 45 akwai milibolt 60, watau sau goma na kuran in ba a yi wa da'irar kariya ba. Bugu da ƙari jarmaniyom yana yoyon kuran, yoyon kuma yana ninkawa a kusan kowane digiri goma. A matakin da ake son a sauke kuran zuwa ƴan mikro'ampar, wannan yoyo kan hana shi sauka inda ake so. Akwatin da aka auna a ɗaki mai digiri 25 ya kan rasa wani kaso na ikonsa a rumfar kasuwar Damagaram.

3. Faci

Gyaran farko ɗan diyod ne guda, wanda aka gicciya bisa taransfo na farko na zangon tsakiya. In sigina ƙarama ce yana rufe, ba ruwansa da kowa. In kuran na matakin da ake sarrafawa ya sauka sosai, matsin da ke kansa ya juya, ya buɗe, ya zubar da wani kaso na sigina kafin ta kai baz. Yana kuma faɗaɗa ƙofar zaɓe a daidai lokacin da ta so ƙuntata. A ganinmu wannan diyod ya fi darajar da littattafai ke ba shi, domin shi ne wuri na farko da aka yarda cewa a tare sigina a waje ya fi a shaƙe taransisto.

Gyara na biyu ya bi ta baya. Maimakon a rage kuran, sai a ƙara shi. Akwai taransiston da aka ƙera musamman, irin BF167 na talabijin, wanda riɓinsa a zango mai tsawo ke faɗuwa in kuran ya yi yawa kuma matsin kolektar ya ragu. Amfanin a fili yake: sigina babba ta tarar da kuran babba. Aibinsa shi ne ci. A talabijin mai shan wutar gari ba wanda ya damu, amma ga mai sayen pil da kuɗin gyaɗarsa, akwatin da ke ƙara shan wuta duk lokacin da tasha ta yi kyau ba abin so ba ne. Shi ya sa dabarar ba ta zauna cikin radiyon hannu ba.

A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin RCA ya fito da taransisto na wani jinsi, MOSFET mai ƙofa biyu. Sigina ta shiga ta ƙofa ɗaya, matsin sarrafawa ta ɗayar. Ba ya jan kuran ta ƙofa, ma'auninsa kuma na bolt ne. Kusan a ce kwalbar Ballantine ce ta komo cikin sabuwar riga, kuma ta daɗe a bakin eriyar talabijin da radiyon FM.

4. A bar kuran, a karkata shi

Mafita ta gaske ta fito daga wata tsohuwar da'ira, tagwaye masu wutsiya ɗaya, wadda Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1936 tun zamanin kwalba. A ɗauki taransisto biyu a haɗa emetar ɗinsu, a ciyar da su da kuran guda. Yadda za su raba shi ya danganta ga bambancin matsin baz ɗinsu kaɗai: babu bambanci, rabi da rabi, milibolt 60, goma da ɗaya, milibolt 120, ɗari da ɗaya. To, a sa taransisto na uku a ƙarƙashinsu, shi ne mai karɓar sigina, a bar shi da cikakken kuransa kullum. Tagwayen da ke sama su yi aikin mai ban ruwa a fadama, wanda ba ya taɓa rijiya, bakin kwari kawai yake buɗewa ko ya toshe: kaso kaza ya tafi wurin aiki, saura a zubar. Mai karɓar sigina bai san an yi ba. Nauyin da yake ɗora wa da'irar zaɓe bai canza ba, kuransa bai ragu ba.

Me ya hana a yi haka tun 1955? Tagwayen dole su zama iri ɗaya sak, kuma zafinsu ɗaya. Bambancin digiri ɗaya tsakaninsu milibolt 2 ne, watau kusan kashi 8 cikin ɗari na rabon. Da taransisto ɗai-ɗai na jarmaniyom wannan sai an tsince su da hannu, ga tsada. Sai da Kilby a 1958, da Hoerni da Noyce a 1959, suka buɗe hanyar ƙera da'ira sukutum bisa ƙwayar silisiyom guda, sannan tagwaye na gaskiya suka zama araha. Ƙwayoyi irin CA3028 na RCA da MC1350 na Motorola da wannan dabara suke aiki.

Saura matsala ɗaya: rabon yana bin milibolt 26, shi kuma yana bin zafi. A digiri 45 ya zama 27,4. Wanda ya warware wannan shi ne Barrie Gilbert, Ba'ingile da ke aiki a kamfanin Tektronix a jihar Oregon ta Amurka. An haife shi a 1937 a Bournemouth, garin da aka auna rufin sama daga tasharsa. A maƙalu biyu da ya buga a watan Disamba na 1968 ya nuna cewa in aka fara bi da kuran ta cikin wasu tagwayen diyod, sannan aka ba tagwayen taransisto matsin da ya fito, lanƙwasar farko tana warware ta biyu. Milibolt 26 ya shiga lissafi sau biyu, ya kashe kansa. Abin da ya rage rabon kuran ne da kuran, babu zafi a ciki, babu jirkicewa sai kaɗan. Da'irar tagwaye masu gicciye da ake kira da sunansa, Howard Jones ya riga shi yi mata rajista a 1963. Abin da yake na Gilbert shi ne ganin cewa dokar da kowa ke ɗauka aibi ce ita ce abin da taransisto ya fi riƙewa da gaskiya, har a gina lissafi a kanta. A 1975 ya tsara wannan ya zama ƙa'ida. A fannin kiɗa da ɗaukar murya, David Blackmer na kamfanin dbx ya bi hanya makusanciya a farkon shekarun 1970: ya maida sigina logaritim, ya ƙara mata matsin sarrafawa, ya komo da ita.

Muna ganin kuskure ne a koya wa ɗalibi da'irar Gilbert a matsayin na'urar ninka lamba biyu kawai, ba a fara nuna masa taransiston radiyon aljihu da ke shaƙewa ba. Wanda bai auna om 2600 ya ga ya koma 65 000 ba, zai haddace zanen amma ba zai san ciwon da aka yi wa magani ba.

5. Komawa bakin eriya

Gilbert, wanda ya rasu a 2020, bai tsaya nan ba. Karkata kuran yana da nasa aibi: in an zubar da yawancin sigina, shuuu na tagwayen ba ya raguwa daidai da ita. A farkon shekarun 1990, yana kamfanin Analog Devices, ya fito da tsarin X-AMP, wanda ke cikin ƙwayoyi irin AD600 da AD603. A nan amfili ba ya canza riɓi ko kaɗan. An ɗaure shi da dabarar maida sigina baya da Harold Black ya gano a 1927, wadda ke sa riɓi ya tsaya cik. A gabansa aka jera tsani na rezistansi, kowane mataki yana rage sigina da kaso ɗaya, wasu ƙananan tagwaye kuma suna zamewa daga mataki zuwa mataki ba tare da tsalle ba. Da haka ake samun riɓi mai canzawa wajen sau ɗari. Wannan shi ne rezistansi mai murɗawa na akwatunan 1920, wanda ke rage sigina kafin ta shiga, sai dai taransisto ne ke murɗa shi.

Tun tsakiyar shekarun 1990 da tashoshin FM suka yawaita a garuruwanmu, mai saurare ya rage haɗuwa da dushewar gajeren zango, domin FM ba ta ɗora murya bisa girman sigina. Amma aikin bai ƙare ba, wuri ya sake. Wayar salula tana daidaita riɓinta kullum gwargwadon nisanta da eriyar kamfani. Na'urar duban ciki ta asibiti tana ƙara riɓi cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa bayan kowane bugu, domin amsar da ta fito daga zurfin jiki ta fi ta kusa da fata rauni nesa ba kusa ba.

Tsofaffin akwatunan taransisto shida kuwa har yanzu suna zuwa teburin masu gyara. In ɗaya ya zo yana fito ko yana ɓutɓut kamar babur, ko murya na tsagewa a tasha mai ƙarfi alhali mai rauni na fita lafiya, wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne kondansatar mai ruwa da ke kan layin da ya taso daga diyod zuwa baz. Zafi ne ke busar da ita, kuma sabuwa mai mikrofarad kamar 10 ta kan isa.